Ranar da Jamusancin Mijinyawa ya kashe ni

Mijinyawa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi, don haka kada wani ya ce sharri nake masa. A unguwar Yara aka haife shi, nan Keffi, kuma tun yana yaro in ya kama abu sai ya tumɓuko shi har saiwa. Da ya koyi tuƙi, ko masallaci zai shiga a ƙafa sai ya miƙa hannu ya ba da sigina. Da ya yi kwas ɗin agajin gaggawa, akuyar gidanmu mai lafiya lau ta yi mako a naɗe da bandeji. Yanzu ya haura arba'in, ga mata ga 'ya'ya ga furfura a gemu, amma hali zanen dutse.

Sana'ar gidanmu riɗi ce. Mahaifinmu Malam Nababa, Allah ya jiƙansa, shi ya fara saye a Agwada wajen wani manomi, Baba Gamaliel. Mijinyawa ya gaji sayen, ni kuma ina wankewa, in yi kantu, in matse mai, da shi nake ciyar da marayuna. Riɗin Baba fari ne tas, ba ka tauna tsakuwa. Amma tsohon yana da ƙa'ida. Ba a zuwa gidansa a ce an zo sayen riɗi. Ka zauna a gindin mangwaro, ka sha kunu, ka tambayi gwiwarsa, da jikoki, da awaki, da ruwan bana, da wanda aka haifa da wanda aka binne. In ya ga dama sai ya ce, "Tashi ka leƙa rumbu." Duk wanda ya riga shi ambaton riɗi, hannu rabbana zai koma. Akwai wani Wilson na Sabon Gari mai babbar mota, ya daɗe yana zawarcin riɗin nan, gaggawa ce kullum take kayar da shi.

To, wani ya gaya wa Mijinyawa cewa Jamusawa suna barbaɗa riɗi a kan burodi. Shi ke nan. Ya ce zai koyi Jamusanci ya riƙa sayar musu kai tsaye, wai ai ya riga ya ci rabin karatun tunda tun yana saurayi yake sauraron rediyon Jamus.

Na ce, "Kai, da Hausa fa suke magana."

Ya ce, "Yaya, kunne ya saba da iskar ƙasar."

Ya yi rajista a wata kwaleji, ajin masu farawa, Jamusancin yau da kullum da na kasuwanci. Ya zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'yarsa Khairat, yaran da ke neman tafiya aikin jinya. Malamarsu, Malama Filomina, ban ga laifinta ba. Ta koya musu gaisuwa, da tambayar farashi, da amsa waya. Ta kuma gaya musu yadda ake taron ciniki a can: ka zo a kan lokaci, ka sa kwat, ka gaisa sau ɗaya, ka faɗi abin da ya kawo ka, ban da maganar iyali. A can, ta ce. Wannan "a can" ɗin ne bai shiga kunnen ƙanena ba.

Mu muka fara ɗanɗana. Matarsa Nasiha ta yini a murhu, ya cinye tuwo ya ce mata "Danke", wai godiya ke nan, kamar an taka agwagwa. An gayyace shi walimar aure da hantsi, ya je da hantsin, ya tarar ana shara, ya zauna shi kaɗai a ƙarƙashin rumfa, ya duba agogo, ya tashi ya tafi tun ba a ɗora tukunya ba. Ni kuwa na shiga gidansa da sallama sai ya ce, "Yaya, ba a faɗo wa mutum haka, sai da Termin."

"Wace ce ita?"

"Alƙawarin lokaci. Ki bugo waya tukuna."

"Ni da na wanke maka kashi? A lokacin wa ya bugo mini waya?"

Kaka ta yi, lokacin zuwa Agwada. Kullum tare muke zuwa, amma bana ya ce zai je shi kaɗai a yi abu a tsare. Abin da ya faru, matar Baba, Maman Jonatan, ita ta ba ni labari daga baya. Ya sauka daga acaɓa cikin baƙar kwat ta aro, fuska ba annuri. Aka shimfiɗa tabarma, bai zauna ba. Aka kawo kunu, ya ce ba lokaci. Ya tsaya ƙiƙam a kan tsoho ya ce, "Guten Tag. Baba, wata muhimmiyar magana ce ta kawo ni."

A Agwada, wa ke zuwa da baƙaƙen kaya, ya ƙi zama, ya ƙi kunu, ya ƙi gaisuwa? Mai kawo saƙon mutuwa. Baba ya leƙa bayansa bai gan ni ba. Ya ce, "Ɗan Nababa, ina yayarka Rahamatu?"

Shi kuma Bajamushen namu ya ce, "Baba, a bar maganar iyali yanzu."

Maman Jonatan ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu. Mata suka fito daga ko'ina. Mijinyawa yana ta ƙoƙarin kawo maganar buhu, ba mai jinsa. Baba yana bubbuga bayansa yana cewa, "Baƙin ciki ya juya masa kai, har wani yare yake yi." Da Mijinyawa ya ga taron ba tsari, sai ya duba agogo ya hau acaɓa ya dawo, bai gaya wa kowa komai ba. Suka kira wayata, a kashe, don unguwarmu ta kwana biyu ba wuta. Suka ce to, ta tabbata.

Washegari ina tsakar gida ina suyar riɗin da ya rage, sai bas ta tsaya a ƙofa. Mutanen Agwada suka shigo da kuka, da doya, da kaji. Maman Jonatan ta gan ni da ludayi a hannu, ta yar da doya ta arce har ta bar takalmi. Maƙwabta da suka ji kuka suka fara shimfiɗa tabarmi a waje, wani malami har ya ɗaga hannu zai yi addu'a.

Na ce, "Innalillahi, wa ya rasu?"

Baba ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Ke."

Aka nemo Mijinyawa daga aji da littafinsa a hammata. Da Baba ya gane abin da ya faru, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na yi wa 'yar Nababa kuka a banza, gwiwata ta sha bas a banza, kuma ba wanda ya tambaye ta. Riɗin bana na Wilson ne."

Nan na ji mutuwar ta zo da gaske. Na durƙusa, na haɗa shi da zumuncinsa da mahaifinmu, na ce ya dubi marayu. Da ƙyar ya sauko. Ya ce Mijinyawa ya koma ya biya bashin gaisuwa tun daga farko, da Hausa, sannan ya maimaita kowace da wannan yaren da ya kashe ni da shi, don a ga ko yaren yana da mutunci.

Ashe Jamusancinsa bai kai ga gwiwa ba, balle awaki. Ya koma wajen Malama Filomina. Ta ce ita duk zamanta a can ba ta taɓa jin an gai da akuya ba, amma ta koya masa, tana share hawayen dariya.

Muka koma tare, ya sa babbar rigarsa. Motar Wilson tana fake a bakin hanya, tana jira. Mijinyawa ya zauna a tabarma, ya sha kunu har ƙoƙo ya ga rana. Ya tambayi gwiwar dama da harshe biyu, Baba ya ce ta hagu fa? Ya bi jikoki ɗaya bayan ɗaya. Ya zo kan awaki, Baba ya sa aka jawo bunsuru gabansa, wai ya ji da kunnensa. Ya kai hannu zai duba agogo, na make hannun. Inuwar mangwaro ta juya, Wilson ya gaji ya shigo yana tambayar nawa buhu, Baba ya ce a ba shi ruwa ya kama hanya. Sannan ya dubi ƙanena ya ce, "Bajamushe, tashi ka leƙa rumbu."

Mijinyawa ya ci jarrabawarsa, kuma har gobe yana jiran Jamusawa su bugo waya. Ni kuwa na sami riɗina. Amma kajin ta'aziyya na ƙi mayarwa, kuma duk wadda ta sake ce mini "sannu da dawowa" a kasuwar Keffi, wallahi sai ta ji ludayi.