Maigadi da ƙwan agwagwar Umma

Yayata muke kira Maigadi, ko da yake ko kare ba ta iya kora. A wurin aiki aka laƙaba mata sunan, kamfanin da ke ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai, inda take rubuta manhajar da ke juya ƙwai da daidaita zafi.

Duk fayil ɗin da ta buɗe sai ta kafa masa gadi a ka. Layin farko, #ifndef, yana tambaya: an taɓa ganin sunan gadin nan? In ba a gani ba, sai #define ya rubuta sunan tsurarsa, ba lamba ba komai, sannan a karanta fayil ɗin. In ya sake dawowa, a tsallake shi. Na ce mata suna ba ƙima ai aikin banza ne. Ta ce, "Shaida ce kawai cewa an shigo. Kai ma da Umma tana yi maka haka, da ba ka ci abincin rana sau biyu ba."

Umma dai ba ta yarda da injin ba. Da ƙyar da lallami ta ba Yaya ƙwan agwagwarta goma sha biyu, tana cewa, "In suka lalace, kar ki ƙara kawo mini zancen kwamfuta gidan nan."

Rana ta goma sha takwas injin ya daina juya ƙwai. Lissafin kaji ke nan, masu kwana ashirin da ɗaya, da ake daina juya ƙwansu saura kwana uku, alhali agwagwa sai ta yi ashirin da takwas. Yaya ta zauna kan buhun dusa da kwamfuta a cinya, gumi na zuba. Tausayi ta ba ni, amma dariya na cina.

Ashe fayil ɗin kaji ta kwafa ta mayar na agwagwa, ta manta ba ta sauya sunan gadin ba. Da aka zo kan na agwagwa, gadin ya ga sunan da ya sani, ya hana shi shiga, injin kuma ya ci gaba da lissafin kaji bai ce uffan ba. Kalma ɗaya ta gyara. Sauran kwanakin, ko tari aka yi kusa da injin sai ta harari mutum.

Tara suka fito. Umma ta ƙirga su sau biyu, ba ta ce sannu ba. Washegari Yaya ta tarar da kwanon ƙwai ashirin a ƙofar ɗakinta, an lulluɓe da tsohon ɗankwalin Umma.