Rikodar Yaya Ta Yi Shiru

Yayata malamar Faransanci ce, kuma ba ta taɓa taka ƙasar masu harshen ba. Iyakar tafiyarta kwalejin da ta yi karatu. Daga can ta dawo da takardar shaida, da ƙamus mai nauyin bulo, da taurin kan da ta tafi da shi. Aka ba ta aji a sakandaren da ke bayan tashar mota, ta zauna a wurin har furfura ta cika mata kai. Ɗalibai suna kiranta Madam Ekute, don da wannan kalma take buɗe kowane darasi, ma'anarta kuwa "ku saurara". Ni ɗinki nake yi. Tun da mijinta ya rasu muke zaune gida ɗaya, ita da littattafanta a ɗakin gaba, ni da kekena a na baya.

Ajin nata na san shi kamar yunwar cikina, don ni ma na zauna a cikinsa, kodayake ban fito da komai ba sai gaisuwa. Yana can ƙarshen jerin azuzuwa, kusa da famfo. Taga ɗaya ba ta rufuwa, soket ɗin bango kuma sai an tokare filogi da tsinken ashana. Ba abin da ke ɗakin da ba a manna masa sunansa ba, ƙofa, allo, har kwandon shara, duk a kwalin sabulun da ta yanka da almakashina ba tare da ta tambaye ni ba. Tana da gwangwanin biskit cike da ƙananan madubai. Sai ta raba wa yara, kowa ya tsuke baki yana kallon kansa har ya iya wasalin nan da ke sa mutum ya zama kamar mai hura shayi. Kowane ɗalibi kuma dole ya riƙe 'yan katuna a aljihu, kalma a gaba, ma'ana a baya, ya riƙa dubawa a layin famfo ko a cikin mota. Dokarta ɗaya ce, kuma ba ta da sassauci: kunne ne farko, sai baki, biro ya zo a ƙarshe.

Saboda wannan doka, abin da ya fi komai daraja a ajin shi ne rikoda. Baƙa ce, mai hannu a sama, irin ta kaset. Ni na ɗinka mata riga don ƙura. Da duniya ta koma waya, Yaya ta ce makaranta ta hana yara riƙe waya, ɗakin kwamfuta kuma kullum da kwaɗo a ƙofa, saboda haka a bar ta da abin da ta sani. A cikin kaset ɗin akwai wani mutum da wata mata, kullum suna sayen tikitin jirgi ko suna tambayar hanyar kantin magani. Nakan ce mata, "Yaya, bayin Allahn nan har yau ba su sami kantin ba?" Takan harare ni ta ce in je in ji da zarena. Bayan kowane darasi takan kulle rikodar a kabad, mabuɗin kuma yana cikin jakarta.

Wani zazzaɓi ne ya kwantar da ita, da ta tashi sai kunnen ya soma tafiya a hankali. Buta ta yi ta kuka a kan wuta tana zaune a gefe. A buga ƙofa har mai bugawa ya gaji. Ranar da na lura ta daina yi mini ƙorafin ƙarar keke, na san akwai magana. Ni kuwa ba na iya riƙe abu a ciki.

"Yaya, kunnenki ya yi nauyi. Mu je asibiti."

"Ke ce kullum da allura a baki, yaya za a yi mutum ya ji ki?"

Sai da muka yi faɗa sosai kafin ta yarda. Likita ya ce jijiyar ji ce ta taɓu, ba za ta dawo ba, abin ma ƙaruwa zai yi. Ya ba ta 'yar na'urar da ake maƙalawa a kunne. Na ce ai ƙarƙashin mayafi ba mai gani. Kwana kaɗan da soma sawa, na'urar ta yi fito a tsakiyar darasi, yara suka yi dariya, ita kuma ba ta san abin da ake wa dariya ba sai da ta ga suna kallon kunnenta. Ta dawo ta jefa ta cikin durowa. Na yi magana har na gaji.

Abin da take tsoro ba ɓoyayye ba ne. Shugaban makarantar ya daɗe yana cewa masu ɗaukar Faransanci ba su da yawa, ɗakin kuma ya dace da sito. In ya san malamar da ke koyar da sauraro ba ta ji, ranar zai ba ta hutun da ba dawowa, kuma ba wata malamar za a kawo ba. Ga 'yan ajin ƙarshe a hannunta, jarrabawar fita na tafe, a ciki akwai takardar sauraro. Ta ce mini, "Bari dai in kai waɗannan bakin gaɓa, daga nan duk abin da za a yi a yi." Na san ƙarya take. Da ta kai su, wasu za ta ce.

Gaskiya kuwa ta yi dabara. Ta juya kujeru suka fuskanci taga don haske ya faɗa kan bakunan yara, ta koma karanta leɓe. In tana shakkar furucin yarinya, sai ta ɗora mata yatsu biyu a maƙogwaro. Kaset ɗin kuma ta haddace su tas. Takan danna, ta ɗora tafin hannu a kan rikodar tana jin rawar injin, idonta a kan zaren da ke juyawa, leɓenta na bin maganar a hankali. In an kai ƙarshen jimla ta tsayar daidai wurin, ta ce a maimaita. Ba ta taɓa kuskure ba. Yaran sun gane halin da take ciki tun tuni, amma ba wanda ya kai maganar ofis.

Abin da ya biyo baya daga bakin monitar ajin na ji shi, bayan komai ya wuce. Doguwar yarinya ce, 'yar wani mai wanki, ita ce ta fi kowa ƙoƙari. Burinta ta karanta harshen a jami'a, kuma wurin da take nema sai da sakamako mai kyau.

Wata safiya, bayan an dawo hutun farko, Yaya ta danna rikoda. Zare ya soma juyawa, inji na rawa a ƙarƙashin hannunta, amma ko tari bai fito ba. Lasifikar ta mutu. Yara suka kalli juna, suna jiran ta buga akwatin ko ta gyara filogi. Ita kuwa leɓenta na ta motsi, hankalinta kwance. Wani yaro ya soma ɗaga hannu, daidai lokacin da suka hangi mataimakin shugaba yana tafowa ta baranda yana leƙa azuzuwa. Monita ta take masa ƙafa. Yaya ta tsayar da kaset ta ce a maimaita. Monita, da ta kafa wa bakin malamar ido tun farko, ta faɗi jimlar da ƙarfi, sauran suka bi ta. Mataimaki ya tsaya a taga, ya gyaɗa kai, ya wuce.

Da aka fita tara suka yi shawara. Sun riga sun maimaita abin da ba su ji ba, in suka faɗa mata yanzu, sun gaya mata ke nan a gaban kowa cewa asirinta a buɗe yake. Suka ce a bari gobe. Gobe ta fi yau wuya. Sun yi tunanin su sace rikodar su kai gyara, amma tana kulle. Sai suka gano maganganun kaset ɗin duk suna rubuce a bayan littafinsu, suka shiga hadda. Kafin darasi kowa ya san abin da mutumin nan da matar za su faɗa, in Yaya ta yi tambaya hannuwa su tashi kamar an shuka su. Haka aka yi ta yi wata da watanni, aji guda na zaune tsit yana sauraron akwatin da ba ya magana.

Har yau in na tuna yadda take dawowa gida a lokacin, zuciyata sai ta yi zafi. Takan ajiye jaka tana murmushi ta ce, "Tun da nake koyarwa ban taɓa samun aji mai kunne irin wannan ba." Har ƙiba ta yi.

Ranar takardar sauraro mai jarrabawa ya zo da na'urarsa. Muryoyi sababbi, suna gudu, kuma ba su cikin bayan kowane littafi. Yaran da suka daɗe ba su ji Faransanci daga bakin kowa ba sai na Yaya, wanda ita ba ta san ya ja baya ya zama a hankali ba, suka zauna riƙe da biro. Da sakamako ya fito, rubutu sun yi kyau, sauraro kuwa ya ja su ƙasa kusan duka. Monita ta ci, amma ba cin da zai kai ta inda take so ba.

Yaya ta rasa inda matsalar take. Ta ce wataƙila kaset ɗin ne suka tsufa, ta ɗauko rikodar gida don ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina guga a falo ta jona, ta danna, ta ɗora hannu. Na jira, na jira. Na zo gabanta don ta ga bakina.

"Yaya, ki kunna mana."

"Ai na kunna."

Muka kai rikodar wurin mai gyaran rediyo a bakin titi. Ya kwance bayanta, ya hure ƙura, ya nuna mana wayar lasifika da tsatsa ta cinye, har gizo-gizo ya yi saƙa a wurin. Ya ce, "Hajiya, wannan ai ta daɗe da mutuwa. Ba yau ba, ba jiya ba, watanni ne." Na so in tsaya tsakaninsu, amma Yaya ta riga ta karanta bakinsa. Muka dawo gida. Ta aika a kira mata Monita.

Yarinyar ta zo da yamma, ta durƙusa a bakin ƙofa, kai a sunkuye. Yaya ta ce, "Ɗago, in kin sunkuya ba na jin ki." Karo na farko ke nan da na ji ta faɗi haka ga wani ba ni ba.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan hutun farko, Madam."

"Ku duka kun sani?"

"Mu duka."

"Me ya hana ku faɗa mini?"

"Mun ji tsoro za su ce ki tafi. Mun ce in muka dage da hadda za mu ci."

Ni da farko marin yarinyar na so in yi. Yara sama da ashirin, a rasa mai hankali ɗaya da zai rubuta a 'yar takarda ya tura mata? Amma na ga tana kuka ba sauti, ita da ta yi asarar da ta fi ta kowa, sai na fasa. Ba mugunta suka yi ba. Son Yaya suke yi, son ne ya cuce su ya cuce ta.

Yaya ta dube ta, ta ce, "Ashe ni kaɗai ce a ajin nan ban san abin da ake ciki ba. Na ɗauka ina koya muku sauraro, ashe ku ne kuke reno na."

Ranar da aka koma makaranta ita da kanta ta shiga ofishin shugaba ta faɗa masa komai. Ya yi mata kalamai masu daɗi. Kafin mako ya zagayo an soma shigar da karyayyun kujeru da buhunan siminti ɗakin. Ni na raka ta kwaso kayanta. Ta ɗauki gwangwanin madubai da kaset ɗin, kwalayen da ke manne a bango kuwa ta ce a bar su.

Ta sa aka gyara rikodar, ta ce Monita ta riƙa zuwa gida da yamma, ta sake zama jarrabawar baɗi. Ranar farko da yarinyar ta zo, Yaya ta kira ni daga kan keke ta ce in zauna kusa da ita. Ta sa kaset, ta danna. Muryar ta cika falon, har ta yi yawa. Yaya ba ta ɗora hannu a kan akwatin ba, ba ta kalli zaren ba. Ni ta kalla.

"Tana magana?"

"Tana magana, Yaya."

Ta juya ta dubi yarinyar, yarinyar ta gyaɗa kai da sauri. Ta sake dawo da ido kaina. Ni ce fa wadda tun muna yara ban taɓa ɓoye mata komai ba, ni ce take cewa bakina ba shi da linzami.

"Ki rantse," in ji ta.

Na rantse. Ta ce to, ta juya ga darasin. Amma kafin a kai ƙarshen jimla ta biyu na ga ta sake ɗago kai tana binciken fuskata.