Wuyan Lebura

Muna tsaye gaban zanen, jikata tana ta zuba bayani, ni kuwa gwiwata ce ta dame ni. Ita ta jawo mu ni da ubanta tun daga Manchester har gidan ajiye zane a Birmingham, wai aiki aka ba ta a jami'a. Duk wannan tafiya don a kalli mutum guda a bango.

Lebura ne, an lafta masa fenti kamar yaɓen ɗaki. Fuska kore-kore, hannu kamar shebur, bulo a kafaɗa, wuya a karkace. Na haɗa baƙaƙen da ke ƙarƙashi ɗaya bayan ɗaya, don ni da furfura na koyi boko, sai na ga ashe zanen ya girme ni.

Yarinya ta ce da gangan mai zanen ya murɗe wuyan, don ya nuna wahala. Na ce ban san nufinsa ba, amma haka wuyan kakanta, marigayi maigidana, yake. Kwanon kankare ne ya mai da shi haka, har gashi ya daina fita a inda gammo ke zama.

Ta juyo da Hausarta mai ɗingishi. "Kaka, ai Daddy ya ce injiniya ne."

Na dubi uban. Babban likita, ga shi nan yana karanta takalminsa. Ɗana ne na fari, ko sunansa ba na kamawa, balle in ƙaryata shi gaban 'yarsa. Amma in na yi shiru, an binne marigayi sau biyu ke nan, na biyun kuma da hannuna.

Na ce, "Benaye da yawa ya hau a Kano, bai taɓa kwana a ko ɗaya ba. Da wuyan nan aka yi karatun likita."

Uban ya ce bari ya zaga. Ya daɗe. Da ya dawo idonsa ja, wai launin zanen ne ya yi wa ido ƙarfi, ga takarda a naɗe a hammatarsa.

Ashe kwafin zanen ya saya, yanzu yana falonsa a unguwar Whalley Range ta Manchester, inda agogo yake a da. Shi ya kafa ƙusar da kansa. Har yau bai ce min komai ba, ni ma ban gaya masa a karkace ya rataye shi ba.