Muryar kakar Abu Nawaf

Har gobe ban manta da wata Lahadi a shekarar 2015 ba, lokacin ina haɗa sauti a wani ƙaramin kamfanin katun a unguwar Ulaisha, can ƙasar Larabawa. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ku sani katun ɗinmu ba na yara ba ne. Barkwanci ne na manya da ake nunawa a talabijin, ana zolayar kowa da kowa. Masu zane su zana, masu murya su shiga ƙaramin ɗaki mai gilashi su yi magana, ni kuma ina waje da na'ura a kunne ina ɗauka ina gyarawa.

A wannan zangon aka ƙirƙiro wani mai dafa shayi a cikin katun ɗin, baƙi wuluk, da leɓe ja kamar an yanka kankana. Ko suna ba su wahalar da kansu sun ba shi ba, Takruni kawai suke ce masa, wato sunan da ake jifan mutanen ƙasashenmu da shi a can. An tsara cewa idan ya fusata sai ya ɓarke da yaren Afirka, ma'ana surutun da ba shi da kai balle gindi.

Mudir ɗinmu, wato manaja, wanda kuma shi ne kafilina da ya tsaya min nake zaune a ƙasar, ya juyo yana dariya ya ce, "Ya Sabi'u, ga ka nan ɗan gida. Yalla, shiga ka yi mana irin naku, bula-bula ɗin nan."

Raina ya ɓaci sosai. Amma iƙamata, wato takardar izinin zamana, na hannunsa, ta kusa ƙarewa, ga iyali na ajiye a unguwar Gubaira. In na ƙi, na san inda zancen zai ƙare. In na yi, muryata ce 'ya'yana za su ji abokansu suna kwaikwayo a makaranta. Na cire na'urar daga kunne.

Sai Abu Nawaf ya ajiye kofinsa. Shi ne babban mai muryarmu, Basa'ude fari tas, mai furfura a gemu, wanda shi kaɗai yake yin mutum biyar a shiri ɗaya. Muhandis, wato injiniya, yake kirana. Ya ce, "Khalas, bar muhandis a kan na'urarsa. Ni zan yi."

Ya shiga, na kunna, kowa ya gyara zama yana jiran dariya. Ya rufe ido, ya ɗan ranƙwafa, sai ga muryar tsohuwa ta fito daga bakinsa, siririya, mai rawa-rawa. "Wa ya taɓa min kai? Zo nan, ɗan albarka. Share hawayenka." Hausa ce tsantsa, irin ta tsofaffin ƙauye, har da karin harshen. Na yi shekaru ina ɗaukar muryar mutumin nan, ban taɓa jin kalmar Hausa ɗaya a bakinsa ba. Ya ƙara jimla ɗaya a hankali, ya buɗe ido.

Ba wanda ya yi dariya, domin ko ba ka jin yaren ka san lallashi ne. Mudir ya ce, "Esh haza? Me ya ce?" Na fassara masa na farkon.

Abu Nawaf ya fito ya ce, "Kakata ce, wadda ta haifi uwata. Da ƙafa iyayenta suka kawo ta Hajji, ita ta raine ni. Wannan shi ne bula-bulan da kuke nema. In ya ba ku dariya, ku saka."

Ku gane, a wurin da ake tonon asalin mutum kafin a ba ɗansa mata, wannan magana ba ƙarama ba ce, kuma a gaban kowa ya faɗe ta. Mudir ya yi ta shafa gemu, can ya ce a cire wurin. Ba zan ce muku an gyara komai ba. Mai shayin ya ci gaba da dafa shayinsa, sai dai an rage leɓen, an sa masa suna Usman, ni kuma ba a sake cewa in shiga ɗakin ba.

Bayan la'asar ina naɗe wayoyi ya dawo shi kaɗai. Ya ce, "Ya muhandis, ni fa ba na jin Hausa. Sautin kawai na riƙe. Na farkon na gane daga yadda take rungume ni. Amma na ƙarshen, kullum in zan fita take faɗa, har ta rasu ban tambaye ta ba. Me yake nufi?"

Na ce, "Cewa take, kar ka daɗe, tuwo zai huce."

Ya zauna a kujerata, ya rufe fuska da gefen rawaninsa. Abin da na koya a ranar shi ne mai murya na gaske da kunne yake aiki, kuma abin da muke kira surutu a bakin katun, wani da shi aka raine shi. Da ya ɗago sai ya ce, "Sake kunna min ita."