Na Ƙoshi, Daga Zariya Zuwa Kamazou

Ƙarfe shida saura kwata na bar Zariya, ko ruwan shayi ban kurɓa ba. Zan gaida Yohanna, abokin aikina a masaƙa, shekara goma sha biyu rabonmu. Duk wanda ya san paten accan matarsa, Mama Ladi, ba zai ɓata cikinsa da koko ba.

Kawo, bakwai da rabi. Shinge biyu muka wuce. Direba ya miƙo mini ƙosai, na ce, "Ajiye abinka, ana jirana."

Sabon Tasha, tara da kwata. Mun haye gada da ƙyar. Na hau Keke zuwa Kamazou, cikina na ƙugi har mai Keken ya waiwayo.

Kamazou, ƙarfe goma. Muka rungume juna da Yohanna. Mama Ladi ta dire pate da kaza, ta ce, "Malam, bismilla."

Na ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

To jama'a, haka aka rene mu! Sai an ce ci, ka ƙi, a sake, ka noƙe, a na uku ka wanke hannu kamar an tilasta maka. Ina zaune ina jiran na biyu, baiwar Allah ta ɗauke tirenta shiru. Awa uku muna hira, ina jin ƙamshi, ina tsine wa tarbiyyata.

Bakin titi, ƙarfe ɗaya. Yohanna ya rako ni, yana juya baya na afka wa mai gasa masara. Ina cikin ta biyu, sai ga Mama Ladi da hulata da na manta.

Ta dubi masarar, ta dube ni. "Malam, har unguwar Nasarawa na je jiya Musulmi ya yanka kazar nan, don kai. Ashe yanzu abincinmu ma ba ka ci."

Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage. Na ce, "Mama, tayi ɗaya fa kika yi mini! Biyu nake bin ki."

Ta riƙe haɓa. "Au! Shekara nawa kana lashe kwanona, yau ka zama suruki? Wuce mu je."

Kwano uku ta tsare ni na cinye, har da ƙashin wuya. Da na ce na ƙoshi, ta ce ai ɗazu ma haka na faɗa, ta ƙara.

Na iso Zariya bayan magariba, zariyar wando a kwance. Godiya ga Allah, da mai masarar da ya tona mini asiri.