Madannin da Ya Ɓace a Allon Sakatariya

Sakatariya ake ce mata har yau, ko da yake ta bar ofis shekara tara ke nan. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga wasiƙun manya, da farko a tafireta, daga baya a kwamfuta. Da aka sallame ta ba ta zauna zaman jiran kowa ba. Ta mayar da falonta na saman bene wurin aiki: ɗalibai da lauyoyi su kawo rubutun hannu, ta buga, ta aika musu ta intanet.

Hali ɗaya ofis ya bar mata. Duk takardar da ta bi ta hannunta sai ta ajiye kwafi, ta huda, ta sa a fayil. 'Ya'yanta kan ce da za a iya huda iska, da tana da fayil ɗinta.

A 'yan watannin nan sai intanet ɗinta ya koma tafiyar hawainiya. Shafi goma sai ya ci rabin yini bai tafi ba. Ta san dalili. Ta taɓa ba mai askin da ke ƙasan benen lambar sirrin rautarta, wato na'urar da ke raba mata intanet, don ya tura hoton jaririnsa, shi kuma ya raba wa duk wanda ya zauna a kujerarsa. Tana sama tana jiran aiki ya tafi, tana jiyo su a ƙasa suna ihun an ci ƙwallo. Lauyoyi biyu suka janye aikinsu.

Babban ɗanta ya samu ƙofar da ya daɗe yana nema. Ya riga ya yi mata fenti a ɗaki a gidansa, har da labule. Ranar Asabar da hantsi ya hawo benen tare da Dogo mai gyaran kwamfuta.

"Umma, ga Dogo zai canza lambar. Amma in ya ce abin nan ya mutu, don Allah ki haƙura da aikin nan mu tafi gida. Kin yi mai isarki."

"Sannu da zuwa, Yallaɓai," in ji ta. Haka take kiransa in ya fara yi mata maganar manya. "Ku zauna tukuna, ba a kan tsaye ake sallamar ma'aikaci ba."

Dogo ya buɗe sabuwar laftof ɗinsa, ya buga adireshin rautar a burauza, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita. Shafin saiti ya fito rabi da rabi, ƙasansa fari fat. Ya rubuta sabuwar lamba, ya rasa inda zai danna ta zauna. Ya gwada wata burauzar, ta ƙi buɗewa sam. Ya gwada a wayarsa, rubutun ya hau kan juna.

"Anti, wannan rauta ta gama aure," ya ce yana dariya. "Ƙwaƙwalwarta ta taɓu. Sa'ar jikanki ce fa."

"Jikan nawa ƙwaƙwalwarsa ta taɓu?"

"A'a, Anti, ba haka nake nufi ba."

"To, faɗi abin da kake nufi. Fitilunta huɗu suna ci. Mutanen ƙasa suna kallon ƙwallo da ita. Gawa ce ke nuna musu ƙwallon?"

Ɗan nata ya duba agogo. "Umma, shi ne fa masanin."

Ta miƙe. Ta jawo kujera ta hau, ta sauko da wani koren fayil daga saman kabad. Ranar da aka kafa rautar, ta sa wanda ya kafa ta ya buga mata kowane shafi na saitin a takarda, yana ta gunaguni. Ta zare takardar, ta kara ta kusa da allon Dogo, ta ɗora rula tana bi layi-layi kamar yadda take duba wasiƙa kafin a sa hannu.

"Suna, ga shi. Lambar sirri, ga ta. A takardata akwai madanni a nan ƙasa, na ajiyewa. A allonka babu. Dogo, ni ban taɓa ganin wasiƙa ta goge ƙasanta da kanta ba. In kwafi biyu suka saɓa, mai kwafa ake tuhuma."

Dogo ya sosa ƙeya. Ya yarda cewa sababbin burauza sun daina karanta irin tsohon rubutun da aka gina waɗannan shafuka da shi. "Amma wa ke da tsohuwar burauza yanzu, Anti?"

"Yallaɓai, tuɓe agogon nan. Shiga sito, bayan keken ɗinki."

Ya fito da ƙura har gira, rungume da tsohuwar kwamfutarta mai ƙaton ƙeya, wadda ya sha cewa a ba 'yan gwangwan. Aka jona. Ta yi gurnani, ta yi tari, ta nuna kwanan watan da ya shuɗe tun ɗan nata yana saurayi. Dogo ya haɗa ta da rautar da kebul, ya miƙa hannu zai buga.

"Ɗaga. Ba a buga mini rubutu a gidana."

Ta zauna, ta miƙe bayanta, yatsu goma suka sauka ba ta ko kallon su. Shafin ya buɗe cif, ga madannin a inda takarda ta ce. Ta sa su duka suka juya baya, ta buga sabuwar lamba, ta danna. Fitilun suka mutu, suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Daga ƙasa aka ji salati. Mai aski ya leƙo ta matakala da almakashi a hannu.

"Anti Sakatariya, sabis ɗinki ya lalace fa!"

"Allah sarki. Sai ka koma aski, ka bar wa mutum rabin kai."

Ta koma kan kwamfutar aikinta, ta sa sabuwar lambar, ta tura kundin wani ɗalibi mai shafi ɗari biyu da ya kwana uku yana maƙale. Kafin Dogo ya naɗe kebul ɗinsa, kundin ya tafi.

Ɗanta ya daɗe yana kallon allon, yana karkaɗe rigarsa.

"To ɗakin fa, Umma? Har katifa mun sa."

"Ka ba surukarka, ita ce ke son hutu. Ni ranar Litinin ina da lauyoyi biyu da zan kira."

Ya mayar da agogonsa hannu. Sannan ya tambaye ta inda take so a ajiye tsohuwar kwamfutar, ta nuna masa gefen teburinta.