Basiru Ya Yi Watandar Mujalla

Basiru manomin wake ne a Shanono, mutum ne da ba ya son rigima. Ran kasuwa ya sayo mujallar iyali saboda shafin da ya koyar da adana wake. Yana shiga gida, Inna mahaifiyarsa ta miƙo hannu, matarsa ta miƙo, yara suka yi masa caa. Sai ya yayyaga ta, ya kasa kamar naman watanda.

Inna ta zaɓi hoton wani jariri mai kumatu, ta liƙa a bango da ƙullu. Ashe shafin Basiru yana bayansa.

"Inna, in ɗan ɓamɓaro?"

"Taɓa mini jika ka gani!"

Ni nake yi wa Basiru dakon wakensa. Bana ƙwari sun rarake waken, buhunansa ba nauyi. Bayana ya huta.